Baronet barkatai da suna ɗaya a Birtaniya: gida ɗaya ne, ko suna ne kawai ya zo ɗaya?

Tambaya: Malam, ina cikin karatun tarihin Birtaniya sai na ci karo da jerin masu sarautar baronet da ake kira Smith. An ce an naɗa sarautar sau da yawa, wasu sun mutu, wasu suna nan har yau. Shin duk gida ɗaya ne suka raba sarautun a tsakaninsu? Kuma idan har "Sir" abin gado ne, me ya hana 'ya'yan manyanmu da Turawa suka ba "Sir" su gada?

Amsa: Malam, bari mu fara da ta biyun, don ita ce gajera. "Sir" iri biyu ce. Akwai ta lambar girma, wadda ake ba mutum shi kaɗai, ranar da ya rasu ta bi shi. Irinta aka ba Sardauna Ahmadu Bello a 1959, aka ba Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960, aka kuma ba Sarkin Musulmi Abubakar III. Shi ya sa Sarkin Musulmi Maccido da Sarkin Musulmi Sa'ad suka hau gadon mahaifinsu a Sakkwato, amma babu wanda ya gaji "Sir" ɗinsa. Ta biyu ita ce ta baronet, wadda babban ɗa namiji yake gada. Da kunne ba za ka bambance su ba, domin duka "Sir wane" ake cewa. A rubuce ne mai ta gado yake ƙara haruffan Bt a bayan sunansa. Baronet kuma ba ya cikin masu sarautar Lord, wato Duke da Marquess da Earl da Viscount da Baron. Yana ƙasa da su, bai taɓa samun kujera a Majalisar Lords saboda sarautarsa ba, kuma yana iya tsayawa zaɓe kamar kowa. Sir Robert Peel, wanda ya yi Firaminista sau biyu, baronet ne na biyu a gidansu, mahaifinsa attajirin masaƙar auduga shi aka fara naɗawa a 1800.

Ta farkon kuwa, amsarta a'a ce, akasari ba gida ɗaya ba ne. Sarautar baronet ba ta suna ba ce. Ta mutum ɗaya ce da aka rubuta sunansa a takardar naɗi mai hatimin sarki, sai kuma waɗanda takardar ta ce su gaje shi. Kalmomin da aka saba rubutawa su ne "magada maza da suka fito daga tsatsonsa ta hanyar aure". Duk rikicin da za ka karanta a tarihin waɗannan gidaje, daga wannan layin yake tasowa. Ɗan'uwansa da suke uwa ɗaya uba ɗaya ma ba ya ciki, sai in an sa shi da gangan a takardar. Ballantana wani baƙo da suna kawai ya haɗa su.

Asalin sarautar kuɗi ne, ba yaƙi ba, ba jini ba. Sarki James I ya tarar da baitulmali cikin bashi, yarjejeniyar da aka so ƙullawa da majalisa a 1610 don ta riƙa ba shi kuɗin shekara ta wargaje, ga kuma aikin dasa Turawan Ingila da Sikotland a yankin Ulster na arewacin Ailan, wanda yake buƙatar sojoji. Sai a ranar 22 ga Mayu 1611 ya ƙirƙiro wannan sabon muƙami ya sa masa farashi. Lissafin mai sauƙi ne ga duk wanda ya san zamanin fam da sule da kwabo. Kowane mai so zai ɗauki nauyin soja 30 na shekara uku, kowane soja kwabo takwas a rana. Kwabo 240 ke nan a kullum, wato fam ɗaya cif, tunda kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam. Shekara uku kwana 1,095 ne, saboda haka kuɗin sarautar ya tsaya fam 1,095. An kuma gindaya sharaɗi cewa mai nema ya kasance yana samun aƙalla fam 1,000 a shekara daga gonakinsa, kuma kakansa na wajen uba ya kasance mai tambarin gida. Sarki ya yi alkawarin ba za su wuce 200 ba. Waɗanda suka gaje shi ba su tsaya a kan alkawarin ba. Har yau yawancin baronet suna ɗauke da jan tafin hannu na Ulster a tambarinsu, shaidar inda aka ce kuɗin za su tafi.

Da aka ga kasuwar ta karɓu, sai aka buɗe ta Ailan a 1619, aka buɗe ta Nova Scotia a 1625 don mutanen Sikotland. Wannan ta ƙarshen tana da abin dariya. An yi wa kowane baronet alkawarin eka 16,000 a Nova Scotia, can gabashin Kanada ta yau, ƙasar da yawancinsu ba su taɓa gani ba. Dokar Sikotland kuwa ta ce sai mutum ya tsaya a kan fili an danƙa masa ƙasar wurin a hannu kafin ya zama nasa. Maimakon a tsallaka teku, sai aka keɓe wani ɗan wuri a fadar Edinburgh aka ce daga yau nan ma Nova Scotia ne, a nan ake yin bikin miƙa filin. A 1632 aka mayar wa Faransa yankin, filayen suka bi ruwa, sarautun suka tsaya. Bayan haɗewar Ingila da Sikotland a 1707 sai sababbin naɗi suka koma ƙarƙashin rajistar Birtaniya, daga 1801 kuma ƙarƙashin ta haɗaɗɗiyar masarauta da ta ƙunshi Ailan. Rajista biyar ke nan, a tsawon shekara kusan 400, kowane sarki yana naɗa nasa. Dole suna ya riƙa maimaituwa.

Smith da ka ambata shi ne misali mafi sauƙi. Sunan sana'ar ƙira ne, kowane ƙauye a Ingila yana da maƙerinsa, saboda haka dubban gidaje da ba su san juna ba suka tashi da shi. An naɗa baronet masu wannan suna sama da sau 20. A 1757 an naɗa George Smith, ɗan gidan masu banki na Nottingham, da laƙabin East Stoke. A 1846 an naɗa Janar Harry Smith bayan ya ci yaƙin Aliwal a kan mayaƙan Sikh a Indiya, shi ne daga baya ya yi gwamnan Cape a Afirka ta Kudu, kuma sunan matarsa garin Ladysmith ya ci. Bai haihu ba, da ya rasu a 1860 sarautarsa ta mutu tare da shi, alhali Ingila cike take da masu suna Smith. A 1918 an naɗa lauya F. E. Smith, wanda ya yi ta hawa har ya zama Earl na Birkenhead a 1922, sarautun gidansa suka ƙare a 1985 da rasuwar jikansa. Babu abin da ya haɗa mutanen nan uku sai haruffa biyar. Abin da yake raba su a rubuce shi ne wurin da aka jingina wa kowace sarauta da shekarar naɗi. Mu ma mun san haka a wurinmu, inda mutane da yawa suke ɗaukar sunan garinsu, Kano ko Gusau ko Funtuwa, ba wanda yake cewa 'yan'uwan juna ne.

Amma akwai inda gida ɗaya ne da gaske, kuma gidan Bacon ya isa misali. Mutum na farko a jerin 1611 shi ne Sir Nicholas Bacon na Redgrave a Suffolk, ɗan mai riƙon babban hatimin Sarauniya Elizabeth I, kuma wan masanin nan Francis Bacon ta wajen uba. A 1627 aka naɗa ɗaya daga cikin ƙananan 'ya'yansa, Butts Bacon, wata baronet ta daban da laƙabin Mildenhall. A 1662 aka ƙara ta uku ga wani jikan Nicholas da laƙabin Gillingham, wadda ba ta yi nisa ba ta mutu a 1685. Sauran biyun suka yi ta tafiya kowace a ɗakinta har 1755, lokacin da mai Redgrave na shida ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Sai aka koma baya a kan bishiyar gida ana neman namiji mafi kusa daga tsatson Nicholas na farko, aka same shi a ɗakin Mildenhall, wanda dama yana da tasa. Tun daga nan mutum ɗaya ne yake riƙe da biyun, kowace da lissafinta. Wanda ya gada a 1982 shi ne na 14 a Redgrave, na 15 a Mildenhall. Ka lura da abu guda a nan: Redgrave ta iya gangarawa Mildenhall saboda Butts ɗan Nicholas ne. Da a ce ɗakin Mildenhall ne ya ƙare, sarautarsu ba za ta hau zuwa Redgrave ba, domin mutanen Redgrave ba daga tsatson Butts suka fito ba. Shi kuwa Francis Bacon, duk da ya fi su suna, ya kai har Viscount a 1621, ya rasu a 1626 ba magaji, nasa sarautun suka shafe.

To, juya abin kuma. Kamar yadda suna ɗaya ba ya nufin gida ɗaya, haka gida ɗaya ba lallai ya tsaya da suna ɗaya ba. A Ingila mutum yana iya sauya sunan gidansa, kuma attajirai marasa 'ya'ya maza sun saba rubuta wasiyya cewa duk wanda zai ci dukiyarsu, suruki ne ko ɗan 'yar'uwa, sai ya ɗauki sunansu da tambarinsu. Ɗan George Smith na East Stoke ya koma Bromley a 1778, sarautar tana nan, Smith ɗin ya ɓace daga cikinta. Watkin Williams ya ci gadon gonakin Wynnstay a Wales a 1719, ya ƙara Wynn a sunansa, daga nan gidan ya zama Williams-Wynn. Yawancin sunayen nan masu gaɓa biyu da tsinke a tsakiya, in ka bi su, gado ne na dukiyar mace ya haife su.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na Smithson. An naɗa Hugh Smithson, ɗan kasuwar Landan, baronet na Stanwick a 1660. A 1740 baronet na huɗu, shi ma Hugh, ya auri Elizabeth Seymour, jikar macen da ta gaji tsohon gidan Percy na Northumberland, gidan da mazansa suka ƙare tun 1670. Ƙanen amaryar ya rasu yana saurayi a 1744, sai ta zama ita ce magajiyar dukiya mai ɗimbin yawa. A 1750 Hugh ya gaji sarautar Earl na Northumberland daga surukinsa, saboda an rubuta sunansa musamman a takardar naɗin, majalisa kuma ta yi doka ya ajiye Smithson ya zama Percy. A 1766 aka ɗaga shi zuwa Duke. Saboda haka masu fadar Alnwick na yau, da kowa yake kira Percy, ta wajen uba Smithson ne, kuma har yanzu suna riƙe da waccan ƙaramar baronet ta 1660 a ƙarƙashin manyan sarautunsu. Wannan Hugh ɗin yana da wani ɗa da aka haifa ba ta aure ba, James, wanda ba shi da rabo a sarauta ko ɗaya. Da ya girma sai ya ɗauki sunan da uban ya yar, ya zama James Smithson. Masanin sinadarai ne, ya rasu a Genoa a 1829, ya yi wasiyya cewa in ɗan ɗan'uwansa ya mutu ba zuriya a ba Amurka dukiyarsa, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Haka aka yi. Zinariyar ta kai kimanin dala 500,000, da ita aka kafa cibiyar Smithsonian a Washington a 1846.

A Indiya sai aka bi hanya ta uku, aka ɗaure sunan da sarautar da ƙarfin doka. Jamsetjee Jejeebhoy, attajirin Farsi na Bombay, shi ne Ba'indiye na farko da ya zama baronet, a 1857. An yi doka ta musamman da ta keɓe dukiya don riƙon sarautar, ta kuma ce duk wanda ya gada sai ya ajiye sunansa na yanka ya ɗauki na mai sarautar na farko. Shi ya sa jerin gidan nan duk Sir Jamsetjee Jejeebhoy ne daga sama har ƙasa, lamba kawai take raba su.

Mata fa? Ƙa'idar magada maza ta kashe sarautu da yawa, ciki har da na mutanen da suka bar 'ya'ya mata cike da gida. Wasu tsofaffin takardun Sikotland ne kawai suka bar ƙofa a buɗe. Ta nan aka tabbatar wa Maureen Dunbar gadon baronet ta Hempriggs a 1965, ta nan kuma ɗan majalisa Tam Dalyell ya gaji tasa ta wajen mahaifiyarsa, bayan mahaifinsa ya bar sunansa na Loch ya ɗauki nata. Shi Tam bai taɓa amfani da "Sir" ɗin ba. Ita kuma ƙa'idar ba ruwanta da shekaru ko cancanta: mai yawon buɗe duniya Ranulph Fiennes an haife shi a 1944 bayan mahaifinsa ya rasu a yaƙi, ya faɗo duniya yana baronet na uku. Lugard da muka sani ya samu sarautar gado ta Baron a 1928, bai haihu ba, ta ƙare a 1945.

A nan ne bambanci da sarautunmu yake fitowa, kuma a ganina masu fassara baronet da "hakimi" suna ɓatar da mai karatu. A Kano, Madaki na Yolawa ne, Makama na Joɓawa, Sarkin Bai na Dambazawa, a Sakkwato Waziri na Giɗaɗawa. Gida ne yake da sarautar, sarki ya zaɓi ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan, ƙane na iya riga wa, kuma rawanin yana tafe da aiki. Baronet ba ta da ƙasa, ba ta da talakawa, ba ta da albashi, ba mai zaɓe. Numfashin uba na fita ta faɗa kan babban ɗa, ko yana so ko ba ya so.

Saboda babu mai zaɓe, duk nauyin ya koma kan hujjar haihuwa, kuma a ƙarni na 19 an samu masu ƙaryar gado da yawa. Mutum ya ga wata tsohuwar sarauta da ta yi shiru mai irin sunansa, ya buga kati ya fara kiran kansa Sir. Baronet na gaskiya suka kafa ƙungiya a 1898 suka kai kuka, har Sarki Edward VII ya ba da umarni a 1910 a buɗe rajista ta hukuma. Duk wanda sunansa ba ya ciki, gwamnati ba ta kiransa baronet a kowace takarda. Magaji sai ya kawo shaidar haihuwa da ta aure da ta mutuwa, in kuma daga wani ɗaki ya fito, sai ya tabbatar cewa duk mazan da suke gabansa sun ƙare. Daga nan aka samu bambanci tsakanin sarautar da ta mutu, wato babu magaji ko ɗaya, da wadda take barci, wato ana zaton akwai magaji amma ba wanda ya kawo hujja. Masu barcin da yawa zuriyarsu ta watsu ne a Ostireliya da Kanada da Amurka, wani ma bai san yana da ita ba.

Shari'ar da ta fi nuna yadda suna da jini suke rabuwa ita ce ta Pringle na Stichill, sarautar da Charles II ya naɗa a 1683. Baronet na takwas ya rasu a 1919, matarsa ta yi rantsuwa cewa babban ɗanta Norman nasa ne, aka sa shi a rajista. Ɗan Norman, Sir Steuart Pringle, ya kai har shugaban sojojin Royal Marines, ya kuma rasa ƙafa a harin bam na IRA, ƙungiyar 'yan bindigar Ailan, a 1981. Can daga baya wani ɗan'uwansu, Murray Pringle, akanta, jikan na takwas ta wajen ɗa na biyu, ya shirya aikin tattara DNA na maza masu sunan Pringle don a gano wanda ya cancanci shugabancin dangi. Sir Steuart ya ba da nasa da hannunsa. Sakamako ya nuna bai haɗa tsatson uba da sauran ba. Da ya rasu a 2013, ɗansa Simon da Murray duka suka nemi sarautar, Sarauniya Elizabeth II ta miƙa maganar ga alƙalan majalisarta ta Privy Council. Ɓangaren Simon ya ce an karɓi samfurin don wani dalili an yi amfani da shi don wani, kuma lokaci ya riga ya ƙure. A watan Yuni 2016 alƙalan suka ce hujjar ta karɓu, Norman ba ɗan na takwas ba ne, sarautar ta Murray ce. Sun nuna tausayi ga iyalin da ba su da laifin komai, amma takardar 1683 ta ce daga tsatsonsa. Sai aka sake lissafi, Murray ya zama na goma, lambar da Sir Steuart ya riƙe sama da shekara 50. Ba gona ba gida aka yi shari'ar a kai, "Sir" ɗin ce kawai. Ɗalibin fiƙihu zai ga nisan wannan da ƙa'idarmu cewa ɗa na mai shimfiɗa ne. Dokar Ingila da ta Sikotland ma suna ɗaukar ɗan da aka haifa cikin aure a matsayin na miji, sai dai a wurinsu zato ne da hujja take iya rushewa, kuma DNA ta rushe shi bayan kusan shekara 100.

Ba a ƙara yawansu yanzu. Cinikin lambobin girma a zamanin Firaminista Lloyd George ya jawo abin kunya a 1922, aka yi dokar hana sayar da su a 1925, aka ɗaure dillalin cinikin Maundy Gregory a 1933. Gwamnatin Harold Wilson da ta hau a 1964 ta daina ba da sarautun gado. Baronet ɗaya tak aka naɗa tun daga lokacin, Denis Thatcher, mijin Margaret Thatcher, wanda aka sanar da tasa a ƙarshen 1990, ɗansa Mark ya gada a 2003. Waɗanda suka rage sun haura 1,000, suna raguwa duk lokacin da wani ya rasu ba namiji a bayansa.

Idan ka koma kan jerin da kake karantawa, Malam, ka duba wurin da aka jingina wa kowace sarauta, da shekarar naɗinta, da sunan mahaifin wanda aka fara naɗawa. In uban na farko a wata sarautar ya fito a jerin wata, kamar Butts da Nicholas, gida ɗaya ne. In ka ga an rubuta "duba Bromley" ko "duba Percy" a gaban wata, ba ta mutu ba, suna ta sauya, sai ka bi ta can.